Karkiyar Italiya da Wuyan Bijimina

Zuwa ga:
Mai girma Babban Jami'in Noma,
Birnin Kebbi, Jihar Sakkwato.

Daga:
Labbo Ummaru, manomi,
Argungu.

18 ga Yuli, 1983.

Game da: Ɓarnar karkiyar ƙarfe a wuyan shanuna

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar 2 ga Yuni, Malam Hodi, wakilin wani kamfanin kayan noma, ya kawo mini karkiyar ƙarfe daga Italiya don gwaji, ya ɗauke tawa ta icce. A jikinta an buga "collo", wai wuya ke nan da harshensu. Wuyan shanunsu dai, waɗanda na ji ba su da tozo.

2. Cikin mako guda ƙarfen ya saɓule fatar bijimaina biyu a gaban tozo. Na kai masa ƙara, ya ce sabo ne ba su yi ba.

3. Ranar 25 ga Yuni, ranar nuna kayan ga baƙi, gyambon babban bijimin ya riga ya yi tsutsa. Mugunya na zuba, ƙuda sun yi baƙi a kai, wari kuwa har maƙwabta sun daina zama ƙofar gidana. Ranka ya daɗe, a gabana mutumin nan ya shafe ciwon da farar ƙasa, ya rufe da kyalle mai ado, ya sake aza ƙarfen, aka yi huɗa ana tafi. Da hannun nan ya ci naman walima. Tir!

4. Ranar 9 ga Yuli bijimin ya kwanta. Mahauci ya zo, ya daɗe yana neman wuri mai lafiya a wuyan da zai aza wuƙa. Naman ba wanda ya taya, rami muka gina masa.

Saura ɗaya, shi ma wuyansa ya fara ɗoyi, ga gonar shinkafata rabi ba huɗa, damina kuwa ba ta jiran kowa.

Ina roƙo a turo likitan dabbobi cikin makon nan, a sa Malam Hodi ya maye mini bijimi, a kuma tsayar da rabon ƙarfen nan. Karkiyata ta icce ma a maido mini. Ubana ya sassaƙa ta, ba ta taɓa fid da jini ba.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Labbo Ummaru