Hoton Mama a Kan Gilashi

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu ma lafiya, sai kewar Mama da ta ƙi sakinmu tun rasuwarta.

Na ga saƙonki cewa kamanninta sun fara ɓace miki, kina son hoton nan nata ki sa a wanke miki babba. Kin san shi kaɗai gare mu, Mama da gudun kyamara kamar za a yi mata allura. Da ƙyar Baba ya bari na ciro shi daga firam ɗin ɗakinsa, sai da na yi alkawarin mayar masa da shi yadda na ɗauka.

Matsalar ita ce tsohuwar sikanar maigidana, na'urar da ke kwafe hoto zuwa cikin kwamfuta. Fitilarta na kamawa, tana ta gurnani, amma kwamfuta ta ce ba ta san da zamanta ba. Na kashe na kunna, na canza wa wayar da ke haɗa su rami, na sake saka manhajarta, shiru kake ji. Ki ƙara haƙuri.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ya jikin ƙaramin naki? Allah ya ƙara sauƙi.

Mai gyara ya zo. Ashe ƙafar kujera ce ta danne wayar har ta tsinke daga ciki, ni kuwa ina ta zagin kwamfuta. An sa sabuwa, sun gane juna.

Sai dai hoton yana fitowa da duhu, ga wani farin layi tun daga ɗankwalinta har ƙasa, ta tsakiyar idonta na hagu. Na juya hoton, layin ya koma kan bakinta. Duhun na gyara shi, layin ne ya ƙi tafiya. Mai gyaran ya ce datti ne, in goge gilashin sikanar da sifirit. Ba zan aiko miki da Mama haka ba, gobe za ki same ta tas.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina fatan kina lafiya. Ni dai ba lafiya ba.

Na goge gilashin kamar yadda aka ce. Zumuɗi ya hana ni jira ya bushe. Na kifa hoton, na rufe murfin, har da dannawa don ya kwanta sosai. Da na zo ɗagawa ya manne. Na ja a hankali, wallahi a hankali, sai ga takardar a hannuna, fuskar Mama a kan gilashi. Na sa yatsa in kwashe ta, ta dame.

Hotunan nan da suka fito da layi duk na share su tun jiya, har kwandon sharar kwamfutar na zazzage, wai ba su dace da ita ba. Ko da wayar hannu ban ɗauki hoton ba, ina jiran mai kyau. Mai gyara ya yi iya yinsa, babu abin da ya dawo. Sikanar kuwa yanzu garau take. Da na sake sa hoton, ta ɗauko ɗankwalin, da 'yan kunnen, da hannunta a kan gwiwa, babu layi ko ɗaya. Tsakiya fari fat.

Na yi kuka har muryata ta dishe. Ji nake kamar yau ta rasu, kuma a hannuna.

Ɗazu Baba ya aiko a kawo masa abinsa. Na mayar cikin firam, na tafi da niyyar faɗa masa gaskiya. Ban san idonsa ya yi rauni haka ba, Yaya. Ya karɓa, ya share gilashin da hannun rigarsa, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce in duba yadda take murmushi, wai ranar shi ya ba ta dariya. Na ce na gani.

Ya rataye shi a wurinsa, ya sa mini albarka da na cika alkawari.

Ki yafe mini. Idan akwai abin da ya rage miki na fuskarta, ko kaɗan ne, ki rubuto mini shi.

Ƙanwarki,
Auta