Agwagin Maman Vicky

Sabon Tasha, Kaduna
Afrilu

Matata Abigail,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Yaya jikin? Yaya sanyin Jos, da Vicky da maigidanta? Vicky ta ce mini a waya kin fara ɗaga hannun dama, amma bakin har yanzu bai saki ba. Shi ya sa nake rubutawa. Ta zauna kusa da ke ta karanta miki a hankali, ya fi in yi ta surutu a waya ina jin numfashinki kawai.

Na san abin da za ki fara tambaya, to agwaginki suna nan. Sai dai George, ɗan marigayi mai gidanmu, ya karɓi gidan, kuma aikinsa na farko shi ne cike kwatamin da suke wanka, ya shafe tsakar gida da siminti. Wai 'yan haya suna kukan wari. Na yi masa bayani cewa agwagwa sai ta tsoma kanta cikin ruwa take wanke idonta da hancinta. Ya ce, wai Baba, nan ba ƙauye ba ne. Yaron da na koya wa lissafi a ƙofar ɗakinmu!

Yanzu idanunsu sun fara kwantsa, suna ta gogawa a fuka-fuki. Ina ajiye musu baho, amma da na juya baya matar ɗakin gaba sai ta kifar, ta ce sauro. Kada ki damu. Ke dai ki warke ki dawo, za ki same su yadda kika bar su.

Mijinki,
Ishaya


Sabon Tasha
Mayu

Maman Vicky,

Ina gaishe ki, ina fatan sauƙi yana ƙaruwa. Matan zumunta sun zo ranar Lahadi, sun yi addu'a, sun sha shayi, sun tafi. Babu wadda ta leƙa akurki.

Labarin ba daɗi. Rashin wanka ya kawo musu ƙwarƙwata. Gashin wuyansu ya zube, fatar ta yi ja ta yi ɓawo, suna tsigar kansu har jini. Tsohuwar agwagwar nan mai farin ƙirji, wadda kika taho da uwarta daga gidanku a kwando, idonta ɗaya ya like gaba ɗaya. Na je shagon magungunan dabbobi a kasuwa, yarinyar da ke wurin ba ta ma ɗago kai daga wayarta ba, ta miƙo mini maganin kaji.

Sai Godwin bakanike ya kawo mini baƙin mai a gwangwani. Ya rantse da shi uwarsa take kashe ƙwarƙwatar kaji, da shi kuma ya warkar da ƙazuwar karensa, kowa a unguwa haka yake yi. Abigail, ni da na yi rabin rayuwata a ɗakin gwaje-gwajen masaƙa, na san abin da ke cikin baƙin mai. Amma masaƙar ta rufe tuntuni, ilimin ya tsufa tare da ni, kuma mutum idan ya gaji da kallon wahala komai aka ba shi karɓa yake yi. Na shafa musu a wuya da ƙarƙashin fuka-fuki.

Kaza ba ta shiga ruwa, ita kuwa agwagwa gashinta ne rigar ruwanta. Da aka yi ruwan farko suka fito da murna suka tsaya a ciki. Man ya riga ya dunƙule gashin, ruwa ya ratsa har fata. Suka jiƙe kamar tsumma, suna rawar sanyi, suna lasar man suna haɗiyewa. Na kwashe su zuwa ɗakinmu, na hura gawayi, na wanke su da sabulu da ruwan ɗumi. Toron cikinsu ya mutu a cinyata. Uku suka bi shi kafin mako ya ƙare.

Saura tsohuwar da 'yarta guda. Vicky, kada ki tsallake wurin nan. Ki karanta mata duka, nata ne.

Naki,
Ishaya


Sabon Tasha
Yuni

Abigail,

Ina gaisuwa. Ubangiji ya riƙe ki.

Vicky ta faɗa mini abin da likita ya ce, da kuma ɗakin da suka gyara mana mu biyu. Na yi mata faɗa, na kashe wayar. Na ce ai dole ki dawo, wa zai kula da agwagi? Da na zauna sai na ji maganar tawa da kunnena. Ashe wata da watanni ina goge musu ido da auduga da ruwan gishiri ne don ina ganin in dai suna nan, to ke ma kina hanya.

A gidan nan ba za su warke ba. Jiya na sa su a kwali, na hau keke zuwa lambun Malam Mamman, wanda kike sayen alayyafo a wurinsa, can bakin rafi. Ya duba wuyansu, bai zarge ni ba, na kuma gode masa da hakan. Ya ce ya karɓe su amana, duk ranar da Mama ta dawo ta zo ta ɗauka. Na ce masa ba amana ba ce, kyauta ce. Wannan kalmar ta fi mini komai nauyi.

Ya ce ba zai bar su su yi iyo ba sai sabon gashi ya fito, amma ya sauke su a gefen ruwa. Tsohuwar ta tsoma kanta, ta ɗago, ta sake tsomawa, ta yi ta yi kamar ba za ta daina ba. Idon da ya like bai buɗe ba. Ina jin ya tafi ke nan. Na daɗe a tsaye, ba ta waiwayo ba.

Na mayar wa George makullin akurki. Ranar Asabar zan shigo motar safe. Na yi miki alkawari ban cika ba, kuma na rubuta a nan ne domin in na zauna a gabanki ba zan iya faɗa ba. Idan kin yafe, ki ɗaga mini hannun nan na dama.

Mijinki har kullum,
Ishaya