Ashe Tajriba Daban, Mujarrabi Daban

Zuwa ga Mai Girma Babban Likita, shugaban ayarin da ya kawo sabon maganin tsargiya ƙauyukanmu na kusa da Managil.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Na san da Larabci ake rubuto muku, kuma na iya shi daidai gwargwado, amma da Hausa na ga dama. In an sha wuyar neman mai fassara, to an fara fahimtar kukana.

Sunana Hajara, matar Bello mai hawasha, wato gonar auduga, a bakin tur'a, wannan magudanar da muke wanki a cikinta, ita kuma tana saka mana da cuta. Ranar da farar motarku ta tsaya a gindin darbejiyar makaranta, "mai littattafai" ake ce mini, saboda ƴan littattafan soyayya na Masar da nake aiken direbobi su sayo mini. Bayan tafiyarku na sami sabon suna: Matar Basha. Ga yadda aka yi.

Na farko. Tamarjinku, wato mai raba magani, ya yi jawabi da Larabci, ya ce maganin yana "tahat tajriba". Surukata, Inna Kulu, ta juyo ta ce, "Ke mai karatu, mujarrabi ya ce ko?" A wurinmu, ranka ya daɗe, in malami ya ce laƙani mujarrabi ne, an gwada an ga aikinsa, sai a sha a kwanta. Ni kuwa a littattafaina tajriba ita ce abin da ke samun budurwa in ta haɗa ido da wani a tashar jirgi. Na gyara mayafi, na gyaɗa kai irin na manyan malamai, na ce mujarrabi ne. Mata suka shiga layi. Babu wanda ya ce mana, ko da harshe ɗaya, ma'anar kalmar ita ce ana kan gwaji, kuma mu ne za a gwada a gani.

Na biyu, kuma a nan sunana ya ɓaci. Da farko amai ne da ciwon kai, fitsari ya koma kamar shayin da aka manta a wuta. Wannan na jure, har na ɗan ji daɗi, don taurarin littattafaina duk sukan kwanta ciwo kafin labari ya yi daɗi. Amma su tari suke yi a cikin farin ƙyalle, ba a taɓa rubuta wadda ta rungumi kwanon wanki ba. Daga nan kaina ya juye. Abin da ya biyo baya ban tuna ba, sai dai ƙauye ya tuna mini. An ce Bello ya dawo daga hawasha da jakinsa, taɓo har gwiwa, na tare shi da Larabcin Masar ina kiransa Basha, laƙabin attajiran cikin littattafaina, ina tambayar dalilin da ya bar motar a rana. An ce na shafa jakin na yaba fentinsa. Sannan, Allah ya yafe mini, na dubi Inna Kulu, matar da ko sunanta ban taɓa kamawa a gabanta ba, na tafa hannu na ce ta kawo wa Basha shayi, kada ta cika sukari irin na jiya.

An ce ta kawo. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Na uku. Da na dawo hayyacina na tarar an riga an yanke hukunci: aljanun littafi ne. Inna ta tattara littattafaina ta ɗaure a buhu, ta tura ƙarƙashin gadonta, ta ce da zarar an kwashe auduga za ta hura wutar gasa kisra, wainar dawarmu, da su. Na kawo mata misalin maƙwabcinmu Malam Tanko, wanda bai san alif ba, shi ma ya sha maganin ya wuni yana yi wa audugarsa huɗuba. Ta ce, "Wancan rana ce ta buge shi, ɗiyar nan. Ke kuwa wace rana ce a ɗaki?" Bello mutumin kirki ne, amma yanzu in na yi shiru ina kallon tur'a sai in ji yana karanta ayatul kursiyyu ƙasa-ƙasa. Ƙanwarsa ta daina miƙo mini jaririnta. Wannan na ƙarshe ba abin dariya ba ne, ko da yake nakan yi murmushi in ta wuce.

Na huɗu, ƙwayoyin bitamin masu ruwan lemo da kuka haɗa mana da su. Tamarji ya ce suna hana jiki tsatsa, kamar yadda ake shafa wa fartanya mai. Bai faɗi adadin da za a sha ba, ko ya faɗa hayaniyar mata ta cinye. Ni da na ɗauka za su mai da kumatuna irin na matar da ke bangon littafi, sai na riƙa watsa su kamar gyaɗa. Tsatsa dai ban yi ba, amma na san hanyar bayan gida fiye da hanyar gidanmu. Har yau ban sani ba: su ma gwaji ne? Sun dace da wancan maganin, ko su suka tunzura shi?

Gaskiya ɗaya zan faɗa: jinin fitsarin ya tsaya, ciwon mara ya tafi. Ban raina aikinku ba. Amma da na je ɗakin magani, tamarji ya ja ni gefe yana tambaya ko na ga abin da babu, ko na yi sambatu. Na ce in mujarrabi ne, tambayar ta mece ce? Ya yi dariya ya ce, "Ai shi ne tajribar, ya Hajara, ba mu gama saninsa ba." Ashe kun san yana iya juya kai. Ni kaɗai ya faɗa wa, a ɗakin da Inna ba ta ciki.

Don haka ina roƙo. In motarku ta dawo zagaye na biyu, ku zo da mai jin Hausa, ya faɗa a fili cewa gwaji ne, ya faɗi abin da maganin ke yi wa ciki da kai, ya faɗi yadda ake shan bitamin ɗin, kuma ya ce wanda bai so ba yana iya tafiyarsa. Sannan wani mai farar riga ya dubi Inna Kulu ya gaya mata cewa abin da ya yi magana da bakina daga kwalbarku ya fito. Daga gare ni ba za ta karɓa ba. Ku kuma hanzarta, don auduga ta kusa ƙarewa a gona.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa maganin nan ya zama alheri ga duk mai shiga ruwan tur'a, ya kiyaye ka da abin da za ka faɗa wa surukarka ba ka sani ba.

Ni dai na yanke shawara. Ranar zan zo, Inna a gefena, amma ko ƙwaya ɗaya ba zan haɗiye ba sai an yi wannan bayani a gabanta.

Wassalam.
Hajara, matar Bello.