An Karanta Sirrina a Rediyo, Kun Je Kun Ba Mahaifina Haƙuri

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar da ke tantance masu nazarin halayyar ɗan Adam tana ba su takardar shaida.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan alheri, da kai da manyan da ke zama a kan kujerun nan masu juyawa na ofishinku. Ni matar aure ce a cikin birni, wajen Ƙofar Wambai, shekarata biyu a ɗaki. Na rubuto a fili ne domin na gwada a ɓoye, na kuma ga irin riƙon da kuke yi wa abin ɓoye.

Bayan na yi ɓari barci ya ƙaurace mini, nakan zauna in yi ta kuka. Maigidana mai sayar da zare ne a kasuwa, ba shi da yawan magana, amma shi ya ɗauke ni a babur ya kai ni wurin wata mambarku. Takardarku da ya gani a bango cikin gilashi ita ta kwantar masa da hankali. Na gaya wa matar nan abin da ko Innata ban gaya wa ba: ina rubuta wa jaririn da ban haifa ba wasiƙu, ina ɓoye su cikin littattafan soyayyar da nake tarawa a akwatin lefena, kuma wani lokaci nakan ji haushin maigida don bai iya lallashi irin na mazan littafi ba.

Ba a yi wata guda ba, surukata tana tsintar shinkafa a tsakar gida, rediyo a gefenta, sai ga muryar mambarku tana darasi kan illar karance-karance. Ta sakaya sunana, Allah ya saka mata. Unguwa kawai ta faɗa, da sana'ar mijina, da ɓarin, da launin akwatin. Surukata ta ajiye faifai ta shiga ɗakina ta buɗe akwati. Ranka ya daɗe, ko marubutan da mambarku take zagi, in suka ɗauki labarin mutum sukan mayar da shi wani gari su canza masa sana'a. Su da ba ku tantance ba.

Yanzu dangin miji na cewa ƙwararriya ta tabbatar ina da taɓin hankali. An ce in je gida in huta, ga ni nan ina hutawa. Yayan mijina ya kira taro bayan sallar Juma'a mai zuwa don a yanke ko zan koma ɗakina. Maigida yana so in koma, amma shi kaɗai ne a gaban uwa da yayye, a kasuwa kuma mijin ta rediyo ake ce masa.

Ga yadda ƙungiyarku ta share mini hawaye.

Na ɗaya. Na kai ƙorafi a rubuce. Sakatarenku ya ce ba a karɓa sai mamba mai rajista ya sa hannu. Na ce wa zan nema? Ya bi jerin sunaye da biro, ya ce wadda ta fi kusa da unguwarmu ita ce wance. Ita ɗin dai. Ko murmushi bai yi ba.

Na biyu. Da na nace aka karɓa, takardar da aka aiko cewa ƙorafina ya iso, sa hannunta ne a ƙasa, a matsayin mataimakiyar shugaban kwamitin ladabtarwa. Na karanta littattafai fiye da cikin akwati biyu, ban taɓa gamuwa da marubuciyar da ta yi ƙarfin halin ɗora muguwar labari a kujerar alƙalin da zai yi mata shari'a ba. Masu karatu za su yi jifa da littafin.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Ba wanda ya kira ni ya ji ta bakina. Wata Asabar da hantsi sai ga mota a bakin lungunmu: dattawa uku daga ƙungiyarku, da manyan riguna da ƙwaryar goro. Suka zauna a zauren Baba suka ce sun zo ba da haƙuri, Hajiya mambar taku uwa ce, kuskure ne, a rufa wa juna asiri. Baba tsoho ne mai kunya. Manya sun tako har zaurensa, me zai ce in ba ya wuce ba? Ni ina bayan ƙyaure ina jin yadda ake yafe abin da aka yi mini, ba a ko tambaya ko ina gidan ba. Washegari kuka rubuta an sasanta, kuka rufe fayil. Goron yana nan, Baba ba shi da haƙoran cinsa.

Na karɓi kundin ƙa'idojinku wurin sakatare, da hannuna na cire shi daga ledarsa. Babin riƙon sirri ya yi daɗi ƙwarai. Ina ba kwamitinku shawara su samu lokaci su karanta, ba shi da tsawo.

Abin da nake roƙo: ku buɗe fayil ɗin, ku tashe ta daga kujerar har a gama, ku kira ni da kaina, ba Babana ba. Kafin Juma'a kuma ku ba ni takarda da Hausa, mai cewa babu wanda ya auna ni ya same ni da taɓin hankali, kuma abin da ta yi keta ƙa'idarku ne. Dangin mijina sun gaskata ta ne don ku kuka ce ƙwararriya ce, ku kaɗai za su saurara. In takardar ba ta zo ba, zan je taron da wannan wasiƙa in karanta musu da bakina. Karatu dai duk Kano ta ji na iya.

Allah ya ja zamanin Shugaba, ya ƙara masa lafiya, ya tsare 'ya'yansa mata daga ranar da za su buƙaci mambobinsa.

Wassalam.

Hauwa'u, daga gidan mahaifinta a cikin birni.