Mai Taku a Kan Tsohuwar Gada

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara wa Mama sauƙin ƙafar nan, kai kuma ya buɗa maka kasuwa a shagon walda. Na samu saƙonka cewa Auta ta ci jarrabawa, na yi murna har maƙwabciyata ta leƙo ta ga ko lafiya. Ni ma lafiyata ƙalau, sai dai akwai maganar da na kasa faɗa a waya, don na san Mama na kusa da kai tana kasa kunne.

Ka san jami'armu da ta nan ne suka haɗa gwiwa a kan binciken tsofaffin gadoji, shi ya sa aka turo ni horon wata shida. Aikin da aka ba ni wata gadar ƙarfe ce ta masu tafiya a ƙasa, wadda aka rufe shekara tara, ana so a sake buɗe ta. Mun liƙa mata ƙananan na'urori arba'in masu jin motsi, ni kuma ina zaune a ɗakin gwaji ina duba abin da suke aikowa a kwamfuta. Kai da kake tsokanata cewa gyaran rediyo na zo koya, to ga shi kusan hakan ne.

A mako na biyu na lura da wani abu. Kullum ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci na rana, na'ura ta farko sai ta motsa, sai ta biyu, sai ta uku, a jere, daidai saurin tafiyar mutum. Kuma ba tafiyar mai lafiya ba, taku ɗaya mai nauyi, ɗaya kamar ana jan ƙafa. Idan ya kai na'ura ta ashirin da uku sai ya tsaya cak. Ba ya wucewa, ba ya komawa. Na duba kyamara, babu kowa, ko kare babu, ƙofofin gadar biyu kuma a garƙame.

Na kai wa shugabar aikin. Ta duba, ta ce tangarɗar na'ura ce kawai, in share in ci gaba, don saura kwana goma a miƙa rahoto. Farfesanmu na gida ma ya kira ni, ya ce in yi abin da aka ce, kada in ja a soke haɗin gwiwar, ɗalibai shida na bayana suna jiran tasu damar. Yaya, na ɗora yatsa zan share, hannuna ya ƙi.

Akwai wani dattijo mai kula da kayan aiki, muna ce masa Baba Mai Makulli. Na roƙe shi ya raka ni gadar da rana tsaka. Bai tambaye ni dalili ba, sai ya ce in sa takalmi mai kauri. Muka tsaya kusa da na'ura ta ashirin da uku, wayata a hannu tana nuna mini motsin. Rana fes, ruwa na gudu a ƙasa, ana jin motoci daga nesa. Ƙarfe ɗaya na wucewa na'ura ta farko ta motsa. Ban ji sauti ba, amma wallahi na ji shi a tafin ƙafata, yana matsowa, yana matsowa, gadar kuwa wayam a gabana. Ya zo daidai gefena ya tsaya. Bakina na ta addu'a. Da na waiwaya, sai na ga Baba Mai Makulli ya cire hularsa ya matsa gefe, irin yadda ake ba babba hanya. Na tambaye shi me ya gani, ya ce bai ga komai ba, shi dai tun yana sabon ma'aikaci ba ya son tsayawa a wurin.

Na ƙi share bayanan. Na rubuta a rahotona cewa a binciki ƙarƙashin wurin. Shugabar ta kwana uku ba ta amsa gaisuwata, amma ta tura masu dubawa. Suka tarar da babban ƙarfen da ke riƙe da tsakiyar gadar ya tsage ta ciki, tsatsa ta cinye ƙusoshi huɗu cikin shida, fenti ya rufe komai. Kai da kake aikin ƙarfe ka san abin da hakan ke nufi ranar da mutane ɗari biyu za su hau. Shugabar ta zo har teburina ta ba ni haƙuri. Ta ce zafin rana ne ke sa ƙarfen miƙewa gaɓa-gaɓa har ya zo ya cije a wurin tsagewar. Bayanin ya zauna, ni ma shi na rubuta, an kuma ƙara wa haɗin gwiwar shekara biyu.

An gama gyara makon jiya. Jiya hadari ya rufe gari tun safe, ko ƙyallin rana babu. Ƙarfe ɗaya na ɗaga kai na dubi kwamfuta, sai ga shi, taku ɗaya mai nauyi, ɗaya ana ja. Ya zo kan na'ura ta ashirin da uku ya ɗan dakata, sannan ya wuce, har ta arba'in, ya sauka. Yau na zauna na jira har ƙarfe uku, bai zo ba. Abin mamaki, maimakon in ji daɗi sai na ji ƙwalla ta cika mini ido.

Ka gaishe mini da Mama, amma ka ce mata aiki kawai ya yi kyau. Ka gaida Anti, Kawu Babba, Gwaggo da Auta, ka shafa mini kan yara. Ku sa ni a addu'a.

Taka ƙanwa,
Injiniyar gidanku