A Mayar Mini da Kafireton Motata

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Masu Sayar da Kayan Gyaran Motoci ta garin Suleja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa gare ka da sauran dattawan ƙungiya, ina roƙon ka saurari wata magana da ta haɗa ni da ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙungiyarka. Ba zan kama sunansa a jarida ba, domin na san mahaifinsa, mun daɗe muna sahu ɗaya a masallaci. Shagonsa yana wajen Bagama, kuma za ka gane wanda nake nufi. Na je ofishinka ban same ka ba, na bar saƙo ban ji amsa ba, shi ya sa na biyo ta wannan hanya.

Ni tsohon sufetan makarantun firamare ne, mazaunin Wambai. Ina da ƙaramar mota mai ƙofa huɗu, irin wadda aka ƙera da ɗan ƙarfin gudu, na saye ta sabuwa fil lokacin ina bakin aiki. Da ita na zagaya makarantun ƙauyuka, da ita kuma nake zuwa gonata ta hanyar Izom. Da ma'aikatun tarayya suka dawo Abuja, ɗana Habibu ya samu aiki a can, sai na bar masa ita a ranakun aiki, Asabar da Lahadi ta dawo hannuna.

Na farko. Ka fi ni sanin yadda samarin da ke zuwa aiki Abuja suka raja'a kan na'urar nan da ake kira turbo, wadda ake ɗaura wa inji don ta riƙa tura masa iska, gudunsa ya ƙaru. Kowa yana so ya yi sallar asuba a Suleja ya riga maigidansa shiga ofis. Saboda wannan rububi, abin da ake cirowa daga matattun motocin Kwatano ya zama kayan marmari, ana tsawwala masa kuɗi yadda aka ga dama. Ban ga laifin ɗan kasuwa ba idan ya sayar da abin da ake nema. Habibu ya nemi izinina, na ce sai mai shagon ya zo mun yi magana. Ya zo har zaurena, a gaban maƙwabcina Malam Bitrus, mutumin Filato wanda ya yi shekaru yana koyar da aikin inji a makarantar koyon sana'a. Na tambaye shi, idan abin bai karɓe mu ba fa? Ya dafa ƙirji ya ce, "Baba, ai wannan ba matsala ba ce, duk ranar da kuka ga dama sai a mayar muku da ita yadda take." A kan wannan magana na yarda. Ya cire kafireton motar na asali, da bututun da ke kwashe hayaƙi daga jikin inji, da tukunyar tace iska, ya sa nasa.

Na biyu, kuma a nan ne ƙungiyarka take da aiki. Wannan na'ura tana yin zafi ƙwarai, kuma baƙin man inji ne ke sanyaya ta. Idan mota ta sha gudu, dole a bar inji ya ɗan yi aiki a tsaye kafin a kashe shi, in ba haka ba man da ke cikinta ya ƙone ya daskare. Malam Bitrus ne ya bayyana mana wannan bayan ɓarna ta auku. Shi ma ya ɗauka wanda ya sayar ya yi wa yaron bayani, kamar yadda ya kamata. To, ranka ya daɗe, wane direba ne a ƙasar nan yake barin inji yana shan fetur a tsaye a wannan zamani? Mutum zai taso daga Abuja a guje, da ya hango layin mai sai ya faɗa ciki ya murɗe makulli nan take, daga nan sai turi da hannu har bakin famfo. A gangara kuwa kowa kashe inji yake yi ya saki giya, mota ta gangara da kanta, don a rage shan mai. Haka Habibu yake yi, haka ni ma nake yi a hanyar gona, haka shi mai shagon yake yi da tasa motar, domin na gan shi da idona. Ya san halin tuƙinmu, ya san abin da na'urarsa ba ta jurewa, amma bai ce uffan ba.

Ba a ci rabin damina ba motar ta fara fitar da shuɗin hayaƙi, fiton na'urar da samari ke sha'awa ya koma ƙarar gugar ƙarfe. Ranar wata Asabar ta tsaya mini a hanyar Izom da buhunan taki a baya, sai wani mai akori-kura ne ya ja mu zuwa gida.

Na uku. Malam Bitrus ya duba ya tabbatar mini cewa jikin injin lafiya lau yake, turbo ce kawai ta mutu. Da an mayar da kayan asali, motar za ta tashi. Na tafi shagon da kaina, ban aiki yaro ba. Ban nemi ya biya ni komai ba. Na ce ya ba ni kayana uku da ya cire. Sai ya ce wai a al'adar gareji, duk abin da aka cire daga mota ya zama na mai gyara. Ya ƙara da cewa in ina so, sabuwar turbo tana hanya, zai yi mini ragi. Ina tsaye ina kallon kafireton motata a kan kantar shagon, an wanke shi tas an jera shi cikin kayan sayarwa. Na gane shi da ɗigon koren fenti da ya zuba masa tun lokacin da aka yi wa wata makarantar da nake dubawa fenti.

Na san wannan al'ada, ban kuma raina ta ba. Tsohon fulogi da ya ƙone, da kushin birki da ya cinye, babu mai komawa gida da su. Amma al'adar ta tsaya ne kan abin da ya mutu. Kayan da aka cire suna aiki, a hannun wanda ya yi alkawarin mayar da su, ajiya ce. Da me zai mayar mini da motar yadda take idan ya sayar da su? Wannan tambaya na yi masa a gaban maƙwabtan shagonsa, ya sunkuyar da kai yana goge hannu da tsumma har na fito.

Abin da ya sa na yi gaggawa shi ne, an shaida mini wani direban tasi mai bin hanyar Izom ya riga ya taya kafireton, ciniki ne kawai bai faɗa ba. Irinsa mai lafiya ya yi wuya yanzu. Na Kwatano duk sun gaji kafin su iso. Idan ya bar wannan kanta, motata ta zama wurin kwanan kaji, ni kuma ga girbi yana tafe.

Don haka ina roƙonka abu biyu. Ka umarci ɗan ƙungiyarka ya sauke kayan nan daga kanta, ya miƙa su ofishinka. Sa'an nan ku zauna ku wajabta wa duk mai sayar da turbo ya gaya wa mai saye gaskiyarta tun kafin a kwance ƙusa ɗaya: cewa ba ta jure layin mai da kashe inji a gangara, kuma kayan da aka cire na mai mota ne. Wanda ya ji haka ya saya, ya san darajar abin da ya saya.

Ba ni da shakka a kan adalcinka, kuma ba ni da shakka a kan haƙƙina. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan zo ofishinka tare da Malam Bitrus. Zan zo da buhun da zan zuba kayana, shi kuma ya riga ya shimfiɗa sifanoninsa a gindin mangwaron ƙofar gidana.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a kasuwarku, ya shiryi 'ya'yanmu baki ɗaya, har da wanda nake ƙara.

Wassalam.

Malam Isiyaku,
Tsohon sufetan makarantu,
Wambai, Suleja.