Hanyar Rakiya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata ina nan ƙalau, aikin gugar ma na saba da shi.

Unguwarmu dai ba a yi ta don mai tafiya a ƙasa ba. Kina buɗe ƙofa sai kwalta, motoci fuu kamar an koro su. Bas kuwa sau ɗaya a awa. Ban damu ba, sai ranar da abokiyar aikina ta zo, baƙuwata ta farko a wata tara. Da ta tashi tafiya na ɗauko mayafi in taka mata. Ta yi dariya ta ce, "Ki taka mini zuwa ina?" Motarta na bakin ƙofa. Na tsaya riƙe da mayafi kamar sakarya.

Shi ya sa na je taron maƙwabta masu neman a yi mana hanyar ƙafa da ta keke, a ƙaro bas. Aka ce kowa ya rubuta dalilinsa. Wasu suka rubuta hatsari, wasu hayaƙi. Ni na rasa kalmar a yarensu, sai na rubuta "rakiya". Shugabar taron ta tambaye ni ma'anarta, na fara bayani, sai hawaye suka zubo mini a gaban jama'a.

Kada Inna ta ji wannan. Ki turo mini hoton yara. Ki taya mu addu'a a yi hanyar. Wanda zan raka kuma, Allah ya kawo shi.

Taki,
Auta